Littafin aikin tashar auna yanayi ta gefen gona, daga bazara zuwa faɗuwar damina

2 ga Maris

An fara kafa ƙaramar tashar auna yanayi a gefen wani ƙauye tsakanin Kazaure da Daura. Abu biyu ake nema daga gare ta: kowace la'asar a iya gaya wa manoman yankin ko akwai yiwuwar hadari a daren, sannan idan ruwa ya sauka a iya cewa wannan na shuka ne ko a dakata. Hasashen damina da NiMet, hukumar yanayi ta Najeriya, ke fitarwa a farkon shekara, da na AGRHYMET, cibiyar nazarin yanayi da noma ta Yamai, suna ba da hoton yanki gaba ɗaya. Ruwanmu kuwa na hadari ne, yakan jiƙa wannan ƙauye ya tsallake na gaba da shi, don haka sai da ma'auni a ƙasa.

An zaɓi fili mai mita 6 kowane gefe, aka kewaye shi da shingen waya saboda awaki. Ba a yi na kara ko na bulo ba domin suna tare iska. Bishiya mafi kusa darbejiya ce mai tsayin kamar mita 8. Ƙa'ida ita ce nisan ma'aunin ruwa daga abin da ya fi shi tsayi ya kai aƙalla ninki biyu na tsayin abin, ninki huɗu ya fi, shi ya sa aka matsa mita 32 daga gindinta. An ƙi wani fili a tsakiyar gari duk da ya fi tsaro, saboda daɓen siminti ne kuma rufin kwano ya kewaye shi. Ma'aunin da aka ajiye a can zafin siminti zai faɗa, ba na iska ba.

9 ga Maris

Kafinta ya gama akwatin ma'aunai. Bangonsa huɗu siraran katakai ne da aka jera a karkace, ɗaya bisa ɗaya, iska ta ratsa amma rana kada ta leƙa. Rufin hawa biyu ne da tazarar santimita 5 a tsakani. Farin fenti shafi uku, ciki da waje. Ƙafafun na ƙarfe ne don gara ba ta barin katako a ƙasar nan, kuma ma'aunan suna zaune mita 1.5 daga ƙasa, cikin iyakar mita 1.25 zuwa 2 da Hukumar Yanayi ta Duniya ta tsayar. An yi masa ƙofa biyu, ta arewa da ta kudu.

Kowane ma'aunin zafi sai da aka gwada shi cikin ƙanƙara. Ana daddaka ta ta cika kofi, a zuba ruwa kaɗan ya cike tsakankaninta, a juya, a tsoma ma'aunin minti biyar ba tare da ya taɓa gindin kofin ba. Sifili ya kamata ya nuna. Kuskuren da aka fi yi shi ne ruwa ya yi yawa ƙanƙarar tana yawo a sama. Ruwan ƙasan kofi yakan kai digiri 3 ko 4, sai a ɗora wa ma'auni laifin da ba nasa ba.

Na laima kuma gishirin girki ke gwada shi. A jiƙa gishirin ya zama kamar jiƙaƙƙen yashi, a rufe shi tare da ma'aunin cikin kwalba mai murfi na kwana ɗaya. Iskar da ke saman irin wannan gishiri tana tsayawa a kashi 75 cikin ɗari. Na farko ya kauce da kashi shida, aka ajiye shi gefe. Na biyu da kashi ɗaya, aka rubuta gyaransa a bangon littafi.

14 ga Maris

Kwana uku ke nan hazo ya dawo, asuba ta yi sanyi, alhali an fara jin bazara. Masu duba hasashe a waya sun tambaya ko wannan ne goshin iskar sanyi da ake ambata a hasashen Turai da Amurka. Akwai alaƙa, amma goshin kansa bai iso nan ba.

Goshin iskar sanyi iyaka ce tsakanin tarin iska mai sanyi da ta gangaro daga can arewacin duniya da iska mai ɗumi da ta tarar. Mai sanyin ta fi nauyi, sai ta kutsa ta ƙarƙashi ta ɗaga mai ɗumin, in akwai laima hadari ya jeru a kan iyakar. Haka yake a tsakiyar Amurka, a Texas da Oklahoma, inda iskar Kanada ke saukowa babu dutsen da zai tare ta, ta gamu da laimar Tekun Mekziko. A ɓangarenmu irin wannan goshi yana bin Bahar Rum lokacin hunturu, ya share Aljeriya da Libiya da Masar, ya raunana cikin Sahara. Abin da ke iso mu shi ne abin da ya bari a baya. Iska mai nauyi takan taru a arewacin Sahara ta tunkuɗo iskar arewa maso gabas, wadda ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi a Chadi ta kwashi farar ƙurar kwarin Bodele. Kwana ɗaya zuwa biyu ƙurar tana kanmu. Babban misalinsa shi ne na farkon Maris 2004, da ƙura ta taso a jere ta ratsa Afirka ta Yamma har ta fita Tekun Atalantika.

Ga aikin tashar, sanyin da ya zo da hazo da iskar arewa maso gabas busasshe ne, ba ya ɗauke da ɗigon ruwa, yana ma korar laima zuwa kudu. Sanyin da za a riƙa ji gaban hadari a watan Mayu wani abu ne daban, asalinsa ma daban. An sa goge farantin sola kowace safiya har hazon ya wuce.

23 ga Maris

Ma'aunin ruwa biyu aka kafa. Na hannu bututun roba ne mai tsawon santimita 50, an toshe ƙasansa, an sa mazurari daga ciki yana zuba a gorar lita ɗaya da rabi. An goge leɓen bututun daga waje ya yi kaifi, don ɗigon da ya faɗa kansa ya rabu, kada ya gangara ciki duka. Bakin ciki santimita 10.4 ne. Rabinsa 5.2, faɗin filin bakin ke nan 3.14 sau 5.2 sau 5.2, wato murabba'in santimita 84.9, don haka ruwan milimita 1 zai tara mililita 8.5. Abin da aka samu a gora a auna shi da sirinji ko kofin awo a raba da 8.5. Wanda ya yi lissafi da faɗin da aka rubuta a jikin bututu maimakon ya auna bakin ciki, ruwansa na shekara duka zai fito ƙasa da gaskiya. Bakin yana mita 1 daga ƙasa saboda fallatsi da yashi, an daidaita shi da ma'aunin magina mai ruwa.

Na biyun mai ƙirga kansa ne. Mazurarinsa murabba'in santimita 200, a ƙarƙashi akwai ɗan cokali mai baki biyu da ke kifewa duk lokacin da mililita 4 suka taru, kowace kifewa milimita 0.2. Gwajinsa: a ɗiga mililita 200 a hankali cikin minti 20, a sami kifewa 50. An sami 47, aka juya kusoshin da cokalin ke sauka a kai, duka ɓangarorin daidai wa daida, har ya kai 50.

Don a gane girman abin da ake aunawa, milimita 1 lita ɗaya ce a kan kowane murabba'in mita. A hekta guda lita 10,000 ke nan, jarka 400 masu lita 25.

4 ga Afrilu

Zafi ya zauna. Mafi ƙarancinsa gab da fitowar rana yake, mafi yawansa tsakanin ƙarfe 3 da 4 na yamma, ba tsakar rana ba, domin ƙasa tana ci gaba da zuba wa iska zafi bayan rana ta karkata.

An gano matsala. Ranar da iska ta kwanta, ma'aunin cikin akwati yana haura wanda aka kaɗa a waje cikin inuwa da digiri ɗaya da rabi. Dalili uku aka samu. Allon lantarkin da ke ajiye bayanai yana cikin akwatin yana fitar da nasa ɗumin, aka mayar da shi wani akwatin daban, waya kaɗai ta shiga. Farin yashin da ke ƙarƙashi yana mayar da hasken rana sama ta gindin akwati, aka ƙara katako na biyu a ƙasa da tazarar iska. Na uku rashin motsin iska ne, aka sa 'yar fanka ta santimita 8 a ƙarƙashin rufi tana zuƙo iska waje. Kada a juya ta tana hurawa ciki, ɗumin injinta zai bi ta kan ma'auni. Bambancin ya koma ƙasa da rabin digiri.

Wannan ɗawainiya tana da dalili. A bazara ana yawan yaɗa hoton ma'aunin mota ko na bango yana nuna 50, alhali rana ce ta gasa shi. Digiri 48.5 da aka auna a Kayes ta Mali ranar 3 ga Afrilu 2024 ya ja hankalin duniya ne domin a inuwa aka auna shi bisa ƙa'ida.

Batir ma zafi na cinsa. Batir mai dalma yana rasa kusan rabin kwanansa duk ƙarin digiri 10 sama da 25, shi ya sa aka sa shi a rami mai murfi cikin tukunyar ƙasa. Farantin sola yana rasa kamar kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa kan kowane digiri sama da 25; in ya kai 65 an yi asarar kashi 16. An ɗaga shi santimita 15 daga abin da yake kai don iska ta bi bayansa.

15 ga Afrilu

Maganar da ke bakin kowa ita ce zafin nan na ruwa ne. Rabinta gaskiya ne. Zafi shi ke ɗaga iska sama, amma in busasshiya ce za ta tashi ta sauko ba ta haifi ko gajimare ba. Agadas da Bilma sun fi mu zafi a watan Yuni, ruwansu bai kama ƙafar namu ba. Laima ce ke yanke hukunci, ita kuwa daga Tekun Gini take zuwa, tafiyar sama da kilomita 700, a kan iskar kudu maso yamma.

Abin da tashar za ta fi sa wa ido daga yau shi ne digirin raɓa, wato sanyin da iska za ta kai kafin laimar cikinta ta fara kwanciya. Ba a dogara da kason laima cikin ɗari ba domin yana yaudara. Iska mai digirin raɓa 15 za ta nuna kashi 45 da asuba in zafi yana 28, ta nuna kashi 23 da la'asar in ya kai 40, alhali ko ɗigo bai ragu a cikinta ba.

Don kada a dogara da lantarki kaɗai, an haɗa ma'aunin majaujawa: ma'aunan gilashi biyu a kan ɗan katako mai mariƙi, an sa wa ƙwayar ɗaya rigar farar auduga. A jiƙa audugar, a tsaya a inuwa a yi ta juyawa minti ɗaya, a karanta jiƙaƙƙen da farko, a maimaita har ya daina sauka. A tudunmu, in busasshen ya nuna 40, jiƙaƙƙe 19 yana nufin digirin raɓa wajen 5, 22 wajen 13, 23 kuma wajen 15. Abin da ke ɓata shi: audugar takan bushe kafin a gama juyawa sai lambar ta fara hawa, kuma ruwan rijiya yana barin gishiri a jikinta. Tataccen ruwa ake sawa, a canza audugar duk mako.

Digirin raɓa 15 shi ne lambar da masana ke zana iyakar busasshiyar iskar arewa maso gabas da iskar damina ta kudu maso yamma da ita, wadda suke kira ITD. A Janairu iyakar tana kusa da bakin teku, a Agusta tana arewa da Agadas. Sai dai iskar damina tana shigowa ne kamar bakin gatari, siririya a gaba, mai kauri a baya. Wurin da iyakar ta tsallake jiya laimarsa ba ta da zurfi, ruwa na sosai yana ɗaruruwan kilomita kudu da shi. Akwai kuma wasan dare da rana. Da dare iskar kudu maso yamma takan yi ƙarfi ta turo laima, asuba ta yi damshi. Rana na ɗagawa zafi ya gauraya wannan siririyar laima da busasshiyar iskar da ke sama, ta ɓace. Saboda haka karatun asuba yana nuna laima ta leƙo, na ƙarfe 3 na yamma shi ke nuna ta zauna. A makon nan na asuba ya taɓa 15 sau biyu, na yamma bai kai 10 ba.

24 ga Afrilu

Rana ta tsaya a tsakar ka. Wajen ƙarfe 12 da minti 25 sandar da aka kafa tsaye ta rasa inuwa. Daga yau har wajen 19 ga Agusta rana tana bi ta arewa da mu, don haka an kulle ƙofar arewa ta akwati, ta kudu za a riƙa buɗewa. An ga shamuwa a kan kukar bakin gari.

3 ga Mayu

Holoƙon farko. Bayan la'asar gabas ta yi ja, sannan ta yi baƙi, bangon ƙura ya taso. Iska ta juya daga yamma zuwa gabas cikin minti biyu, zafi ya faɗi da kusan digiri goma cikin rabin sa'a, nauyin iska ya yi tsalle. Ruwa kuwa ɗigo ne da bai kwantar da ƙura ba.

Lissafin gindin gajimare ya bayyana dalili. A cire digirin raɓa daga zafi, a ninka da mita 125. Zafi 40 da raɓa 15 suna ba da mita 3,125. Ruwan da ya fito daga gajimare mai wannan tsayi sai ya ratsa kilomita uku na busasshiyar iska mai zafi, yawancinsa ya ƙafe a hanya. Ƙafewar tana sanyaya iskar, ta yi nauyi, ta faɗo ƙasa ta bazu kamar ruwan da aka kifar daga bokiti, tana share ƙura a gabanta. Wannan shi ne sanyin hadari. Ya yi kama da goshin iskar sanyi na ƙasashen arewa ta fuskar cewa iska mai nauyi ce ke kutsawa ƙarƙashin mai ɗumi, amma hadarin ne ya haife shi, ransa 'yan sa'o'i ne, kuma daga gabas yake zuwa. A Agusta, in zafi yana 33 raɓa 21, gindin gajimare mita 1,500 ne, ruwan ya iso ƙasa lafiya.

Wanda zai karanta ma'aunin nauyin iska a nan ya san cewa yana hawa da sauka sau biyu kullum ko babu hadari: sama wajen ƙarfe 10 na safe da na dare, ƙasa wajen ƙarfe 4 na yamma da na asuba. Saukar la'asar ba alamar ruwa ba ce. Tsallen miliba (awon nauyin iska) ɗaya zuwa uku cikin 'yan mintuna shi ne sawun goshin hadari.

Ɓarna: igiyar waya ɗaya ta sandar ma'aunin iska ta tumɓuke turkenta daga yashi. An sake turakun uku da rodi mai santimita 80 cikin kankare. Yashi ya cika mazuraran biyu. Sandar mita 3 ce, ba mita 10 na ƙa'ida ba, don haka gudun iskar da take bayarwa ya gaza na filin jirgin sama, kuma an rubuta haka a kowane shafi.

12 ga Mayu

Tun da laima ta shigo dare ya daina hucewa. Tururin ruwa yana riƙe zafin da ƙasa ke saki, gumi kuma ba ya bushewa, shi ya sa 39 na yanzu ya fi 42 na farkon Afrilu wahala. Saƙon da ake aikawa ya ƙunshi wannan: a yi sharar gona kafin ƙarfe 11, a fitar da tsofaffi da jarirai daga ɗakin kwano da rana. Wanda ya galabaita a ba shi lita ɗaya ta ruwa mai ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri. Wanda jikinsa ya yi zafi rau ya fara ruɗewa, a jiƙa shi a yi masa fifita ana kan hanyar asibiti, ba a jira.

An tsayar da yadda za a faɗi yiwuwar hadari, da ƙarfe 3 na yamma. Da farko digirin raɓa: ƙasa da 12 a manta, 15 zuwa 18 mai yiwuwa amma holoƙo ya fi kusa, sama da 18 akwai abin ruwa. Sai a duba ƙananan gizagizai, in suna tafiya daga kudu maso yamma laimar tana da zurfi. Sai siffarsu, shimfiɗaɗɗu ne ko suna tashi tsaye kamar tarin auduga. Abin da ya fi duka nauyi shi ne hoton tauraron ɗan'adam na Meteosat, wanda ke sabuntawa duk minti 15. Ana neman gajimaren da samansa ya fi digiri 40 ƙasa da sifili sanyi a gabas da mu. In ya kai 70 ƙasa da sifili, babba ne.

Gabas ake kallo domin a tsayin kilomita uku zuwa huɗu akwai iska mai ƙarfi da ke busowa daga can, ita ke jan hadari zuwa yamma da gudun kamar kilomita 50 a sa'a. An sami masu buga waya a Gumel, Haɗeja da Nguru. A wannan gudu, hadarin da ya wuce Gumel yana kanmu cikin kamar sa'a biyu, na Haɗeja uku da rabi, na Nguru huɗu da rabi, in bai mutu a hanya ba ko ya karkata kudu. Sakamakon hawa uku ne kawai, ƙarami, matsakaici, babba. Tashar ba ta da tarihin da za ta faɗi kaso cikin ɗari da shi.

21 ga Mayu

Ruwan farko da ya shiga ma'auni, milimita 7. An tona gona da safe, damshin bai wuce tsawon yatsa ba. A yashi irin namu milimita 1 tana jiƙa kamar santimita 1, rana kuma a wannan wata tana iya ɗauke milimita 8 zuwa 10 kullum daga jiƙaƙƙiyar ƙasa. Saƙon da aka aika shi ne a dakata.

Ma'aunin da ake bi shi ne na Sivakumar, masani a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kudu da Yamai, wanda ya wallafa a 1988: bayan 1 ga Mayu, ruwan da ya kai milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a sami ɗaukewar ruwa fiye da kwana 7 ba cikin kwana 30 da suka biyo. Rauninsa a fili yake, rabinsa na biyu sai bayan wata ake saninsa, manomi kuwa gobe zai yanke shawara. Don haka aka ƙara sharaɗi biyu: damshi ya kai santimita 20, tun daga kan yatsu har wuyan hannu, kuma digirin raɓa na yamma ya tsaya sama da 18 kwana biyar.

Waɗanda suka yi binne su ne abin damuwa. Ruwan milimita 7 ya isa ya tayar da gero, bai isa ya raya shi ba. Saman yashi da rana kan haura digiri 55 ya ƙone tsiro, iskar goshin hadari kuma ta yanke shi da yashi ko ta binne shi. Gonakin da aka bar wa kara a kwance sun fi tsira daga wannan.

Mai ƙirga kansa bai ƙirga komai ba. Zanzaro ya yi ɗaki a maƙogwaron mazurari. An sa raga, an kuma sa duba shi kowace Litinin da Alhamis.

30 ga Mayu

Don kare tashar daga faɗuwar tsawa, an kafa ƙarfen tagulla mai mita 1.8 a ƙasa, aka haɗa shi da sandar iska da waya mai kauri ba lanƙwasa. Busasshen yashi ba ya karɓar wuta da kyau, sai aka haƙa ramin a kwari aka cika shi da laka da gawayi. Dokar mai karatu: tsakanin walƙiya da tsawa, daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. In ƙirgar ba ta kai 30 ba a bar fili, kada a fake gindin bishiya, kada a koma sai minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Ruwa zai jira a gora har safe.

8 ga Yuni

Sahun hadari na sosai, da dare. An ga shi a hoto tun magariba, dogon layi daga arewa zuwa kudu, Gumel ta buga waya, aka sanar da babba. Tsarinsa ya zo yadda aka san shi: iska da ƙura kamar minti goma, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya na rabin sa'a, ɗan tsagaitawa, sannan yayyafi mai cida na kusan sa'a biyu. Irin waɗannan sahu su ke kawo mafi yawan ruwan Sahel, kuma binciken da aka buga a mujallar Nature a 2017 ya nuna mafi tsananinsu sun ninka uku tun 1982.

Na hannu ya ba da milimita 31, mai ƙirga kansa 28. Na hannu aka ɗauka. In ruwa ya yi ƙarfi, wani yana zubewa daidai lokacin da cokalin ke kifewa. An gwada da safe: mililita 200 cikin minti 5, daidai da milimita 120 a sa'a, ya ba da kifewa 45 maimakon 50. Ba a taɓa kusoshin ba, domin gyara shi ga ruwa mai ƙarfi zai ɓata shi ga yayyafi. Shi zai riƙa faɗin lokaci da tsanani, na hannu ya faɗi jimla.

Ma'aunan hannu huɗu da aka raba wa ƙauyukan kewaye, duk cikin kilomita 10, sun bambanta ƙwarai. Na kudu ya zarce na tasha, na arewa maso yamma bai kai 20 ba. Ba kuskure ba ne. Aikin binciken ruwan sama na EPSAT da ya jera ma'aunai kusan ɗari a kewayen Yamai daga 1990 ya ga irin wannan. An ce wa ƙauyuka huɗu su shuka, na biyar ya tona gonarsa tukuna.

15 ga Yuni

Gero ya fito. Ƙirgar kwana 30 tana tafiya har 8 ga Yuli, tazara mafi tsawo zuwa yanzu kwana huɗu. Digirin raɓa na yamma bai sauka ƙasa da 18 ba tun ranar ruwan, zafin rana ya koma ƙasa da 37.

An buɗe shafin tantance hasashe mai gida huɗu: an ce aka yi, an ce ba a yi ba, ba a ce ba aka yi, ba a ce ba kuma ba a yi ba. Ana lissafa an yi ne in ɗaya daga ma'aunai biyar ya tara milimita 1 tsakanin ƙarfe 3 na yamma da 7 na safe. Ba za a fitar da jimla ba sai ƙarshen Yuli, kwanakin sun yi kaɗan. Abin da ya riga ya bayyana shi ne hadarin bayan tsakar dare ke kufce wa hukuncin ƙarfe 3, domin lokacin bai ma haɗu ba. Daga gobe an ƙara duba hoto na biyu da ƙarfe 9 na dare.

Daga ƙarshen wannan wata ana sa ran ruwa ya fara bin kaɗawar iskar gabas mai zagayowa duk kwana uku zuwa biyar, za a riƙa rubuta inda gizagizan tsakiya suka dosa kowace safiya don a kama ta. Ciyawa ta fara fitowa a filin tashar, za a riƙa yanke ta kada ta wuce santimita 10. Fentin rufin akwati ya fara ɓarewa ta gabas inda yashi ya buge shi, kuma ma'aunin laima zai koma kwalbar gishiri ranar Asabar.